Ɗura ba ta koya wa yaro cin abinci

Duk wanda ya tashi a karkararmu ya san ƙarar ɗura, ko da bai leƙa gidan da ake yinta ba. Kuka ne mai yankewa a tsakiya, sai ka ji bul-bul kamar an tsoma tulu a tafki, sai tari, sai kukan ya dawo ya fi na farko. Uwa ce ko kaka ta miƙe ƙafa a tabarma, ta kwantar da yaro a cinya, ta danne ƙafafunsa da tata, ta kafa tafin hannu a gefen bakinsa kamar mazurari, ta tsiyaya kunu, ta toshe masa hanci. Yaro na neman numfashi, dole ya haɗiye. In an gama a share masa baki da gefen zane, a ce to alhamdu lillahi, yau dai wani abu ya shiga cikinsa.

Ni ma na yi shekaru ina ganin hakan ba komai ba ne. Malamin firamare ne ni a wani ƙauye a ƙasar Ringim, 'ya'yana huɗu, kuma na ukunsu ne ya sauya mini tunani. Bayan yaye da 'yan watanni, yana da shekara 2 da wata 4, ya rufe baki ga komai sai koko mai sukari da biskit. A kawo tuwo ya kau da kai. A lakato miyar kuka a kai bakinsa ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Wake kuwa, ko ƙwaya ɗaya ta ɓuya a cikin shinkafa sai ya lalubo ta da harshe ya tofar. Uwarsa ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta kira masa dodo, ta kira masa mai allura, duk a banza. Ranar nan mahaifiyata ta ce, "Miƙo mini shi nan. Maigidan nawa ne zai gagare ni?" Ta shiga yi masa ɗura safe da yamma.

A rana ta uku ya ƙware. Ina tsakar gida ina gyaran ƙotar fartanya na ji kukan ya ɗauke ɗif, shirun da ya fi kuka tayar da hankali. Idanunsa sun firfito, kunu na fitowa ta hanci. Aka bubbuga bayansa ya dawo, muka ce an auna arziki. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi sama-sama, awazunsa na lotsawa duk sanda ya ja iska. Na goya shi da uwarsa a babur sai asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba shi, tun kafin ta tambayi sunansa, cewa ta yi, "Malam, ɗura kuke yi masa?" Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla. Hanya biyu ce a maƙogwaro, ɗaya ta nufi ciki, ɗaya ta nufi huhu. Yaron da ke kuka yana fizgar numfashi, hanyar huhunsa a buɗe take, abin da aka zuba a wannan lokacin yana iya bi ta can. Kunun da ya sauka a huhu shi ke zama ciwon huhun da ake kira nimoniya, wani yaron ma ba ya kai wa asibiti, a cinyar yake cikawa. Kwana biyar muka yi a gado.

Ba don in ɗora wa Inna laifi nake wannan rubutu ba. Matar da ta ga farin 1973 da idonta, ta binne 'ya'ya kafin su yi wayo, in ta ga jika ya ƙi abinci ba tsirfa take gani ba, kabari take hangowa. Da muka dawo gida na durƙusa gabanta na ce, "Inna, don Allah a bar ɗurar nan." Ta ce, "Kai ma da ita na raya ka, ga ka nan ka zama mutum. In ba a ɗura masa ba, me zai ci? So kake ya lalace a hannunmu muna kallo?" Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Tambayarta tana kan hanya, kuma duk wanda zai ce wa mutanen karkara su daina ɗura, wajibi ne ya zo da amsar wannan tambaya a hannunsa.

Akwai kuma masu cewa zaɓen abinci ciwon 'ya'yan birni ne, wanda ya samu ne yake zaɓe, a ƙyale yaro yunwa za ta koya masa hankali. Ni a ganina abin a juye yake. Ɗan mai hali in ya ƙi wake akwai madara, akwai nama, akwai ƙwai. Ɗan talaka in ya ƙi wake da ganye, abin da ya rage masa ruwan koko ne kawai. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Jigawa kuwa sun haura 6 cikin kowane 10. A wurin da lamari ya kai haka, yaron da ya taƙaita ga abinci iri ɗaya tafiya yake a bakin rijiya. Saboda haka maganar ta fi shafarmu a kan kowa.

Abin da na fara fahimta shi ne, yawancin abin da muke kira taurin kai, halitta ce. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku a shekarar farko: wanda aka haifa da kilo 3 ya kai wajen 9. A shekara ta biyu kuwa abin da zai ƙara bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Girma ya lafa, dole ci ma ya lafa, mu kuma muna auna shi da cin da yake yi da. Ga shi cikinsa bai fi dunƙulen hannunsa da wani abin kirki ba. Sannan daga wajen shekara 2 zuwa 6 yara a ko'ina a duniya suna shiga wani lokaci na gudun abin da ba su saba da shi ba. An haifi ɗan Adam da son zaƙi, nonon uwa ma da zaƙinsa, da kuma gudun ɗaci. Zogale, tafasa, rama, yakuwa, duk akwai ɗan ɗaci ko tsami ko bauri a cikinsu. Harshen babba ya daɗe da sabawa har ya manta, na yaro kuwa yanzu yake haɗuwa da su.

Wata masaniya a Amurka mai suna Leann Birch ta shafe shekaru tun wajen 1980 tana nazarin yadda yara ke koyon cin abinci. Abin da ita da abokan aikinta suka gano, wanda wasu suka sake tabbatarwa bayansu, shi ne yaro kan buƙaci ya ɗanɗana sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi. Mu fa sau nawa muke gwadawa? Sau biyu, in an matsa uku, sai uwa ta yanke hukunci: "Ai shi ba ya cin kabewa." Ta faɗa wa maƙwabciya, ta faɗa wa goggonsa, duk a gabansa, yana ji. Daga nan ya zama wanda ba ya cin kabewa, ba a ƙara sa masa, shi ma ya riƙe abin kamar sunan yanka. An kuma gwada matsa wa yara lamba a kan su cinye abin da ke gabansu, aka ga waɗanda aka matsa wa sun fi tsanar abincin daga baya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Yaron da ya san kunu da toshe hanci, da ya hango ludayi sai ya fara ihu. Ɗana ya yi makonni bayan mun dawo daga asibiti ba ya yarda kakarsa ta matso shi da kofi a hannu, ko ruwa ne a ciki.

Mu da muke Musulmi ma bai kamata a ce sai an zo daga Amurka an gaya mana ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa gasasshen naman dabbar nan da malamanmu ke fassarawa da damo, a ɗakin Nana Maimuna. Ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Halidu ya jawo ya ci, Manzon Allah na kallonsa. Mafificin halitta ke nan ya bar abinci na halal saboda rashin sabo, bai kushe ba, bai hana wani ba. To yaya za mu danne ɗan shekara biyu mu toshe masa hanci a kan abin da shi ma dalilinsa ke nan, rashin sabo?

Hadisin da ya fi taɓa ni kuwa na Anas ɗan Malik ne, wanda ya fara yi wa Annabi hidima yana ɗan shekara goma. Wani maɗinki ya gayyaci Manzon Allah cin abinci, Anas ya bi shi. Aka kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama. Anas ya ce ya ga Annabi yana bin gefen akushi yana tsintar kabewar, kuma tun daga ranar bai daina son kabewa ba. Ba wanda ya ce masa ci, ba wanda ya yi masa wa'azin amfaninta. Ya ga wanda yake ƙauna yana ci da marmari, shi ke nan.

A nan ne maganar ta dawo kanmu maza. Ina muke cin abinci? A ƙofar gida, wajen ciyayya da maƙwabta, ko a zaure, ko a turaka. Ciyayya al'ada ce mai kyau, ba na son ta mutu. Amma sakamakonta shi ne ɗana bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. In an yi sa'a an sa nama ko kifi a miya, tsokar tana kwanon maigida, don kada a ji kunya a gaban maza. Kwaɗon zogale da na rama kuma mun mayar da shi abin mata, su ci da hantsi a tsakaninsu. Yaro namiji da ke ganin ubansa ne ma'aunin komai, a ina zai ga ana cin ganye da daɗi? Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ci gaba da fita da kwanona da daddare, amma na rana, in na taso daga makaranta, sai in zauna a tabarma a tsakar gida, in sa shi kusa da ni da ɗan kwanonsa. Ba na ce masa ci. Ina ci ne kawai, ina hira da yayyensa. Kwana huɗu yana kallona yana wasa da murfin kwano. A na biyar ya sa yatsa a faten kabewar da ke kwanona, ba nasa ba, ya lasa, ya tofar. Uwarsa ta buɗe baki za ta yi magana na yi mata alama da ido. Bayan kamar mako biyu yana cin loma uku, huɗu. Na lura kuma ya fi ci in 'ya'yan yayana sun shigo ana rububi, wannan ma masu bincike sun gani: yaro na kwaikwayon abin da sa'o'insa ke ci. Sai dai kwanon tarayya yana da illa ga mai jinkirin ci, kafin ya kai loma biyu manya sun sauke. Gara ya zauna cikinsu amma da kwanonsa, uwa ta san iya abin da ya shiga.

Laifi na biyu ma namu ne. Da safe za ka fita, yaro ya riƙe maka riga yana kuka, ka zaro 'yan canji ka ce a je kanti a sayo masa biskit ko alawa ko lemon leda. Ka sayi shirunsa, ka tafi. Cikin da bai fi dunƙulen hannu ba ya cika da zaƙi, tuwon rana ya zo ya tarar ba wuri, da yamma ka dawo kana yi wa uwarsa faɗa yaro ba ya cin abinci. Ranar da na daina wannan an sha kuka, kwana uku gidan ba daɗi. Amma yunwar da ke sa yaro ya kalli kwano ba ta samuwa sai an bar tazara tsakanin ci da ci.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba rasa abincin muka yi gaba ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yara 'yan wata 6 zuwa 23 gida takwas, ta ce a samu aƙalla biyar a yini: nonon uwa, hatsi da su dankali da rogo, wake da gyaɗa da danginsu, nonon dabba, nama ko kifi, ƙwai, ganye da kayan marmari masu sinadarin bitamin A irin su kabewa, zogale, karas, mangwaro da gwanda, sai sauran kayan lambu da na marmari. A duba da kyau, wanne ne ba ya fita a ƙasarmu? Riɗinmu ake lodawa a manyan motoci a Maigatari da Gumel. Kifin Haɗeja har kudu ake kai shi. Da damina ƙwan zabi a bakin titi muke tallansa ga matafiya, ɗan gida bai ɗanɗana ba, wasu ma har yanzu suna cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata, maganar da ba ta da tushe a addini ko a likitanci. Zogale na jikin danga. Na san talauci gaskiya ne, na san watannin da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon gero ya shigo, kuma ba zan ce wa wanda ya sayar da ƙwai don ya sayi mudun dawa ya yi laifi ba. Amma cokali ɗaya na garin ƙuli-ƙuli ko na waken suya a cikin kunu, ɗan garin busasshen kifi a miya, ƙwai ɗaya cikin goman da za a kai kasuwa, wannan bai fi ƙarfin yawancinmu ba. Kunun ma a dama shi da kauri, wanda zai zauna a cokali. Tsararon koko cika ciki kawai yake, shi ya sa ma yake da sauƙin ɗurawa.

Dole in yi togaciya a nan, don kada a ɗauki maganata a cuci wani yaro. Ba kowane ƙin abinci ne na rashin sabo ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, gyambon baki, gudawa, ƙarancin jini, duk suna kashe sha'awar abinci, kuma binciken nan na 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran ƙasar nan da ƙarancin jini. Yaron da ke wasa, yana guje-guje, nauyinsa na ƙaruwa a katin awo, yana dai zaɓe, wannan haƙuri yake buƙata. Wanda kuwa yake ramewa, ya yi laushi, gashinsa ya yi ja ya yi laɓa-laɓa, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi komai har nono, wannan ba a jira yunwa ta koya masa komai, tamowa kanta tana kashe jin yunwa. A kai shi asibiti a ranar. Akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na cikin haɗari. Kuma a yi hattara da ruwan maganin cin abinci da ake saya a kemis ba tare da an duba yaro ba. Da yawansu maganin ƙaiƙayi da mura ne a asali, suna sa barci, ba sa kuma taɓa ciwon da ya hana shi ci.

Na san abin da mata za su ce, kuma suna da gaskiya. Sau goma sha biyar ɗin nan, wa zai yi? Matar da ta tashi tun asuba, ga surfe, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga goyon ƙani a baya, wani lokacin ga wani cikin. Ɗura minti biyar ce, lallashi kuwa rabin awa ne. Ba mugunta ke sa uwa ta zaɓi ɗura ba, gajiya ce da tsoro. Shi ya sa ban yarda a tara mata a wajen awo a yi musu lacca a sallame su, a ce an yi aiki ba. In ba a rage wa uwa wani nauyin ba, ba ta da rabin awar da za ta zauna. Uba ne zai ɗauki ci ɗaya a yini ya ce wannan nawa ne. Kaka, wadda ta fi kowa lokaci da haƙuri a gidan, ita ya kamata a fara shawo kanta, ba a zagaye ta ba. Ina so in ji limamanmu sun ɗauko hadisin Anas a wajen raɗin suna, inda maza ke cike, in ji ungozomomi da masu shirin lafiya a rediyo suna kiran ɗura da sunanta suna faɗin abin da take yi wa huhu. Game da ɓarnar abinci kuma, ba a ce a cika masa kwano ya zubar ba. Loma ɗaya ce ta sabon abu a gefen wanda ya saba da shi. In ya ci, madalla, in bai ci ba uwa ta kai bakinta, jibi a sake.

Yanzu yaron ya kusa shekara huɗu. Yana cin wake, yana cin kabewa, yana cin dambun zogale in an sa masa ƙuli da yawa. Miyar kuɓewa har gobe ba ya kallonta, an gwada ya fi sau ashirin, mun bar shi, ni ma akwai abin da ba na ci. Inna ba ta taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ban kuma nemi ta faɗa ba. Sai dai ita ce yanzu take zaunar da shi da ƙanwarsa da hantsi, ta gutsura awara ƙanana-ƙanana ta jera a faifai, ta ɗauki ɗaya ta ci tana lumshe ido tana cewa, "Kai, maigida, wannan ba zan ba ka ba, tawa ce."

Makon jiya da magariba muka ji ƙarar nan ta tsallako danga daga gidan maƙwabcinmu, kukan da ke yankewa, da bul-bul ɗin, da tarin. Amarya ce da ɗanta na fari. Ni ba ni da hurumin shiga gidan. Na dubi Inna, ita ma ta dube ni. Ta ajiye carbinta a kan buzu, ta jawo mayafi, ta ce wa uwar yarana, "Zubo mini ɗan faten nan a ƙaramin kwano, bari in leƙa yarinyar nan."